Amaryar Gilashi

Wageningen, ƙasar Holan
Lahadi, 15 ga Disamba, 2024

Taubashina, sarkin cin kuɗin shara,

Ina gaishe ka, ina gaida Kawu da Inna da iyalinka da duk wanda ya matso zaure don jin abin da ke cikin takardar nan. Na san a bainar jama'a za ka karanta, don haka gyara murya, ka ajiye raken da ke hannunka, kada ka fesa wa mutane tuƙa a tsakiyar magana.

Lafiyata ƙalau. Tarin ya tafi, karatu na tafiya. Saƙo ya iso, yaji ya kusa ƙarewa, kuka kuwa da ƙaramin cokali nake auna ta. Maganar katanga mun gama ta a waya, abin da Kawu ya yanke shi ke nan. Na bikin Ikara ma na ji, na kuma turo, kada ka sake tayar mini da shi. To, ga labari.

Na yi amarya.

Ka ce wa Inna ta koma ta zauna, ta ɗauki carbinta da ya faɗi. Kwamfuta ce, irin ta girke a kan tebur, mai ƙarfin gaske, kuma da hannuna na haɗa ta. Sadakinta kada ka tambaye ni a gaban Kawu. Abin da zan iya gaya maka shi ne wata bakwai ina tara shi, kuma da kai aka ba, da ka jera injinan ban ruwa tun daga bakin rafi har ƙofar gida, ka zauna a tsakiya kana karɓar gaisuwa.

Ka san aikin da ya kawo ni. Turai na da wasu taurarin ɗan'adam da ake kira Sentinel-2, na farkonsu an harba shi a 2015. Duk bayan kwana biyar sukan ratsa ta saman kowace gona su ɗauki hotonta, hotunan kuma kyauta ne ga mai so. Nawa aikin shi ne in tattara na fadamun Kudan da Makarfi da Ikara, shekara da shekaru, in koya wa na'ura ta gane inda tumatir ya fara jin ƙishi ko ciwo tun kafin idon mai gona ya lura. Ba sai na tuna maka 2016 ba, shekarar da tsutsar sharon ta cinye gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Na gan ka tsaye a bakin gonarka ka rasa ta cewa, kai da bakinka ba ya hutawa ko cikin barci. Tsayuwar nan taka ce ta zaɓar mini wannan karatu. Sai dai 'yar laftof ɗin da na zo da ita, in na ba ta lissafin damina ɗaya bayan isha'i, sai hantsi take gamawa, tana huci kamar jakin da aka ɗora wa buhu uku.

A nan mai son babbar kwamfuta gunduwa-gunduwa yake saye, ya haɗa da kansa. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar ne ya zauna da ni muka zaɓi kayan. Kwali tara suka iso cikin kwana huɗu, kamar lefe, sai dai lefen da babu guɗa, babu tukwici, babu tsohuwar da za ta ɗaga zane ta ce wannan bai kai ba. Mai kawowa yakan danna ƙararrawa, kafin in ce ya shigo ya sha ruwa har ya sha kwana. Da na buɗe kwali na ƙarshe, wato gidan da amarya za ta zauna, sai na tarar bango guda gilashi ne tas. Na ce wa abokina an turo mini akwatin mai sayar da tsire. Ya ce a'a, haka ake yayi, don a riƙa ganin cikinta.

Taubashi, ka gyara zama, don a nan maganar take. Mutanen nan ba su san labule ba.

Tagar falonsu ta kai faɗin ƙofar garejin Alhaji, tana fuskantar titi, kuma a buɗe take dare da rana. Yanzu hunturu ne, ƙarfe huɗu da rabi rana ta faɗi, kowa ya kunna fitila. In na taso daga makaranta a kan keke, kafin in iso ɗaki na san abin da kowane gida zai ci. Gida na farko dankali. Na biyu dankali. Na uku sun yi baƙi, dankali da kifi. Na san wanda ya sake kujera, na san kyanwar da ke kwana a kan wace matashi, na san maigidan da ke wanke kwanoni matarsa na karanta jarida. A bakin kowace taga sun ajiye tukwanen fure biyu iri ɗaya sak, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar dogarai. Iyakar sirrin ke nan.

Ka ce wa Goggon Likoro kada ta kuskura ta zo garin nan, sana'arta za ta mutu a hannunta. Me za ta binciko? Komai an riga an baje. Ita da ke aron rariya a gida uku don ta gano wa aka yi wa sabon gado, a nan yawo ɗaya bayan magariba ya ishe ta labarin shekara, ta rasa wanda za ta kai wa, don kowa ya gani da idonsa. Kuma ga inda abin ya fi ɗaure kai: sun buɗe, amma kallo rashin ta-ido ne. Za ka wuce ta gaban mutum yana cin abinci taku biyu tsakaninku, kai ka miƙe wuya kamar soja, shi ma ya yi kamar babu kai. Babu bismillah, babu na ƙoshi. Ni kam har yau in na wuce sai bakina ya motsa da sannunku da gida.

Na tambayi dalili. Wani ya ce daga addinin kakanninsu ne, mutumin kirki ba shi da abin ɓoyewa. Wata ta ce rana ce ta yi musu tsada, ɗan hasken da ya samu ba sa son yadi ya tare. Na ji duka, amma ka dubi wannan. Atamfa 'yar Holan, wadda ta hana ka barci wata shida kafin aurenka, wadda in babu ita a lefe sai dangi sun yi zaman gaggawa, a ƙasar nan ake buga ta, a wani gari Helmond, kamfanin Vlisco, tun 1846 suke sana'ar yadi. Mutanen da suka tufatar da amaren Zazzau da Kano da Katsina sun rasa yadi biyu da za su rataya a tagarsu! Kaf sun loda mana a jirgi. In ka je Kantin Kwari ka gaya musu su rage saye, a bar wa masu ita ko ƙyalle.

Har tumatirinsu a gilashi yake zaune. An kai mu wani yanki Westland, kusa da birnin Hague, gidajen gilashi iya ganinka, da dare sararin sama ya yi ja saboda fitilun da ake kunna wa shuka. Tumatir na hawa igiya ya fi mutum biyu tsawo, ba ya taɓa ƙasa, ruwa da taki ta siririyar mesa suke zuwa masa ɗigo-ɗigo, ƙudan da ke yi masa barbara ma a kwali ake sayo su. Na tsaya ina tunanin naka na fadama, wanda ya sha ƙura, ya sha rana, ya sha zagi, ya hau bayan mota a kwando har Legas. Na ɗanɗana nasu. Yana da kyau kamar a sa a hoto, amma miya ba za ta san an saka shi ba. Naka ya fi, kuma sau ɗaya zan faɗa, kada ka sa a rubuta a bango.

Ni dai ranar da na tare, zanen da Inna ta naɗe mini kaya a ciki na rataya a taga. Mako bai cika ba wata maƙwabciya ta tare ni cikin ladabi ta tambaya ko ciwon ido nake yi.

Mu koma kan amarya. Daren Juma'a na share tebur na fara. Kafin in taɓa komai sai na dafa ƙarfen hita, don ɗan tartsatsin nan da bargo ke yi cikin hunturu ya isa ya kashe kayan wata bakwai. Na shimfiɗa babban faifan da komai ke hawa kansa, wanda masu gyara na PZ a Zariya ke kira madabod. Na ɗora ƙwaƙwalwar, wadda ba ta fi kwalin ashana ba, a kan allurai fiye da 1,700, kowace ta fi gashin gira laushi, ɗaya ta lanƙwashe an yi asara. Injin da ake zana mafi ƙanƙantar irin waɗannan ƙwaƙwale da shi, kamfani ɗaya ne tak a duniya ke ƙera shi, ASML, a Veldhoven, kudu da nan, ka ga ashe amaryar tana da dangin uwa a ƙasar. Na ɗiga mata man sanyaya kamar ƙwayar wake, na ɗaura fanka, na soka sandunan ram guda biyu, na kwantar da rumbun ajiya, na ɗora katin hoto mai nauyin bulo. Ƙarfe ɗaya na dare na ɗaure noti na ƙarshe, na yi bismillah, na danna makunni.

Shiru kake ji, malam ya ci shirwa.

Wannan matsalar ba ta ɗau lokaci ba. Wayar makunnin gaba 'yar siririya ce, tana hawa kan allurai biyu cikin tara da ke cunkushe wuri guda, rubutun jikinsu kamar sawun tururuwa. Na cire ta, na haɗa alluran biyu da bakin sukudireba, sai ga fankoki sun juya. Na mayar da wayar mazauninta na gaskiya. Nan take ɗaki ya haske. Ashe kowace fanka da fitilarta, ja ya koma kore, kore ya koma shuɗi, sandunan ram ma suna walƙiya, abin ya fi A Daidaita Sahun sabon ango ranar hawan sallah. Na juya ga allo. Baƙi ƙirin. Amarya ta ci kwalliya, ta hau tsakiyar gado, babu ko lulluɓi, ta ja bakinta ta tsuke.

Ka tuna daren da muka raka ka? Ƙawayen amarya suka ce sai an sayi baki, kai kuma ka tsaya ciniki kamar kana tayin kwando a kasuwar Makarfi, a rage, a sake ragewa, albarka, har kaza ta huce, har ladan ya fara gyaran murya. To alhakin yarinyar nan ne ya biyo dangi har Turai. Kwana uku ina sayen baki.

Daren farko na zauna a gabanta har ƙarfe uku, fitilu na ta sauya launi a bango, babu motsin kowa. A hunturu agogonmu ɗaya da naku, babu ko minti tsakani, don haka na san daidai lokacin da za ka tashi ka ɗaura injin a bayan mashin. Sai na tuna yadda abin yake in inji ya ƙi tashi a fadama. Ja uku ba ka yi ba mutum goma sun kewaye ka. Wannan ya ce fulogi ne, wancan ya ce an haɗa maka mai da kananzir, mai rake ya ajiye ɗaurinsa ya ce tun daga nesa ya ji kabureta ce, wani tsoho da bai taɓa riƙe sifana ba ya ce a kwantar da shi ta gefen hagu. Tara cikin goma ba su san komai ba, amma ba ka rasa wanda zai riƙe maka noti, da wanda zai ce sannu. A daren nan da zan samu ko tsohon mai gefen hagu, da na dafa masa shayi da madara.

Da safe na kira abokina. Ya tausaya mini ƙwarai, ya buɗe littafin alƙawuransa, ya ce yana da sarari ranar Alhamis ƙarfe bakwai da rabi na yamma. Ranar Asabar muke maganar. Ba wulaƙanci ba ne, haka suke, uwarsa ma sai ta nemi rana.

Sai na yi abin da ka koya mini ina ɗan aji biyu, ranar da ka make mini hannu don na kwance fulogi da kabureta lokaci guda. Ka ce in ka taɓa abu biyu inji ya tashi, ba ka san wanne ya gyara shi ba, gobe ma sai ya kunyata ka. Mai, wuta, iska, ɗaya bayan ɗaya. Na fito da ita daga gidan gilashin ɗungurungum, na kwantar da madabod a kan kwalinsa, na cire duk abin da ba dole ba, har fitilun. Na yaye zanen Inna don in samu hasken rana in karanta ƙananan rubutun.

Ga yadda abin yake. Kafin kwamfuta ta nuna komai a allo, sai ta yi kiran suna kamar malamin firamare: ƙwaƙwalwa, ram, katin hoto, rumbu. Wanda bai amsa ba, a kansa za ta tsaya. A gefen madabod akwai 'yan fitilu huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar gero ba, ɗaya ga kowane suna. Duk ƙyale-ƙyalen nan na bakan gizo ba su da abin gaya maka, waɗannan huɗun su ne masu gaskiya. Tawa ta tsaya a ta farko, ƙwaƙwalwa.

Na duba wayar wutarta mai baki takwas, wadda ke shiga can saman kusurwa, don tana kama da ta katin hoto kamar tagwaye kuma ba a musanya su. Daidai take. Na ɗaga ƙwaƙwalwar na haska alluran da tocilan waya, layi-layi, babu wadda ta kwanta. Saura abu ɗaya. A cikin madabod akwai ɗan kundi da ake kira bayos, mai ɗauke da sunayen duk ƙwaƙwalen da ya sani. Nawa ya baro masana'anta tun kafin a fito da irin ƙwaƙwalwata. Baƙuwa ta yi sallama, maigadi ya duba takarda bai ga sunanta ba, ya ƙi buɗe ƙofa. Maganin shi ne a sauko da sabon kundin a filash, a soka a wata ƙofa ta musamman a baya, a danna ɗan maɓalli, wata fitila ta yi ta ƙyaftawa. Sharaɗin guda ne: kada wuta ta yanke kafin ta gama, in ba haka ba madabod na iya zama faranti. Minti shida na yi ina kallonta ina salati. Da a gida ne, sai an ta da janareta, an sa yaro ya tsare shi da sanda, an aika gida-gida kada wanda ya kunna dutsen guga.

Fitilar farko ta mutu. Ta biyu ta kama, ta ram.

A nan mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Irin ram na yanzu, DDR5, gudunsa ya yi yawa, don haka a tashin farko sai madabod ya zauna ya gwada shi, ya aika saƙo ya ji yadda ya dawo, ya ƙara ya rage, har muryoyinsu su daidaita. Yakan ci minti biyu, uku, wani lokaci fiye, allo baƙi, kamar ta mutu. Mai gaggawa sai ya kashe ya kunna, ta koma farko, ya sake kashewa, daga nan ya maida kaya kanti yana faɗa, tunda dokarsu ta ba wanda ya saya ta intanet kwana 14 ya mayar. Ni kuwa na tuna yadda kake cika famfo da ruwa, ka ta da inji, ka tsuguna ka dafa mesa kana jira ta yi nauyi, yara na cewa bai ja ba, kana cewa ku bar shi yana tunani. Na bar ta ta yi tunani. Minti goma sha biyar. Fitila ba ta motsa ba. To wannan ya wuce tunani.

Na cire sanda ɗaya, na bar ɗaya a rami na biyu daga ƙwaƙwalwa, don in ramuka huɗu ne sanduna biyu, na biyu da na huɗu ake fara cikawa. Da na sunkuya sosai sai na ga abin. Gefe ɗaya na sandar bai gama nutsewa ba, abin da ya rage bai fi kaurin farce ba. Haƙora 288 ne a jikinta, kuma sai kowanne ya ciji nasa. Na ɗora manyan yatsu biyu na danna da ƙarfin da zuciya ba ta so, sai na ji ƙas. Taubashi, na ji guɗa a bukukuwa da yawa, ban taɓa jin mai daɗin wannan ƙas ɗin ba. Na kunna, na jira minti uku, fitila ta tsallaka ta uku, ta tsaya a ta huɗu, allo ya kawo rubutu.

Ba ta gama ja mini aji ba. An rubuta a kwalin ram cewa yana gudun 6000, ita kuwa ta tashe shi a 4800, don haka na shiga bayos na ce ta saki linzami. Ta sake ɗaukewa ɗif. Wannan karon na san gidan. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a jikin madabod, irin na sikelin zamani, shi ke riƙe mata abin da aka gaya mata. Na zare wuta, na cire shi minti biyar, ta manta da saɓanin da muka yi, muka sasanta a 5600. Ina ma ana samun irin batirin nan a jikin mutane, da na aiko maka guda biyu, ɗaya na uwargida, ɗaya na Kawu saboda maganar mashin. Wayar katin hoto mai baki 16 ma na danna ta har ƙarshe na sake dubawa, don tana iya ɗaukar wat 600, kuma in ta zauna a karkace zafi take yi har ta narke. Fitila ta huɗu ba ciwo ba ce, rumbu ne babu komai a ciki, na loda masa manhaja daga filash. Asubahin Litinin na mayar da ita gidanta na gilashi, ta tashi tun dannawar farko.

Abu ɗaya na ƙara mata da ba ya cikin lissafi. Kwamfutocin da, irin na shagunan buga takardu a Samaru, in sun gama kiran suna lafiya sukan yi ɗan ƙara guda, ƙit. Na yanzu ba sa zuwa da abin. Na sayo shi, ɗan baƙin abu kamar maɓallin riga mai waya biyu, na soka mata. Yanzu kullum na idar da sallar asuba na danna, sai ta ce ƙit, ni kuma in ce lafiya lau, ya kwanan amarya. Yawancin ranaku ita ce ta farko da ke yi mini magana, wani lokaci har azahar ita kaɗai ce.

Ka san abin da na fara buɗewa. Lissafin da laftof ke kwana a kansa ta gama kafin ruwan shayi ya tafasa, sai ga gida a allo. Ga titin Zariya zuwa Kano kamar zare, ga Tashar Yari, ga Makarfi da duhun gonakin rake kewaye da ita. Na leƙa gabas na gaida Ikara, na dawo yamma ta Hunkuyi, na bi koren fadama da yatsa, ƙasa duk ta yi fari saboda rani, ita kaɗai ta yi shar, har na iso kwanar da rafi ya lanƙwasa. Na daɗe a wurin. Kowane ɗigo a hoton mita goma ne, don haka ba a ganin mutum, ko da yake in ka ci gaba da yadda Inna ke ba ni labari, baɗi tumbinka zai cika ɗigo guda. Amma gona ana ganinta sarai. Kusurwar gabas ta gonarka ta fi sauran haske a hoto biyu a jere. Ruwa ba ya isa can. Ko kwalbatin ya toshe, ko mai gonar yana gindin mangwaro. Tauraron da hantsi yake wucewa, wajen sha ɗaya saura, ka san inda kake a lokacin, ni ma na sani.

Abokina ya zo ranar Alhamis, bakwai da rabi daidai, har ina jin ya tsaya a ƙofa yana jiran minti ɗaya ya cika. Ya tarar an gama. Ya zagaya bayanta ya duba yadda na ɗaure wayoyi, ya jinjina kai, ya tambayi inda na koyi bin ciwo ɗaya bayan ɗaya. Na ce a fadamar Kudan, wurin wani babban injiniya da bai gama sakandare ba. Ya ce yana son ya gan ka. Na zuba masa shinkafa da wake da mai da yajinka, cokali uku ya yi hawaye suka zubo, ya ce a ƙara.

Saura labari ɗaya. Tun ranar Asabar da na yaye zanen Inna ban mayar ba, hankalina na kan fitilu. Ranar Litinin da na fito, sai wani dattijo da ke gidan da ke kallon nawa, wanda shekara guda muna wuce juna da ɗaga gira, ya tsaya da karensa ya ce, ta tashi? Ashe dare biyu yana zaune a falonsa yana ganina. Ya ce ya ga lokacin da na ɗaga hannu biyu sama, shi ma ya tafa shi kaɗai. Ya ce ya yi aikin gyaran rediyo shekaru da yawa, ya so ya tsallako da ɗan mitansa, amma ba a gayyace shi ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa na wasu garuruwa. Na ce Baba, a garinmu katanga ta fi mutum tsawo, ba ka ganin komai daga waje, amma sallama ɗaya ta kai ka har tsakar gida. Ya ce to yaushe zai yi sallamar? Muka tsayar da Laraba ƙarfe huɗu. Ya zo da biskit, na dafa shayi mai citta da kanumfari, na nuna masa fadama a allo, na nuna masa kusurwar gabas. Shi ma ya ce mai gonar nan barci yake yi. Ka ga yanzu shaidu biyu ne, ɗaya Bature. Zanen kuwa rabi nake ja yanzu, kada ka gaya wa Inna.

In ɗalibin nan na Samaru zai taso a watan gobe, a ba shi kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, da mazarƙwaila ta Makarfi ƙwarya biyu, ɗaya ta dattijon ce, na riga na yi masa alkawari. Kada a sa kilishi, ba a shigowa da nama, a filin jirgi za su karɓe. Kuma ina son aiki a wurinka da gaske: ka tsaya a kusurwoyi huɗu na gonarka da ta Kawu, ka ɗauki hoton shukar da waya, ka rubuta ranar da aka dasa da ranar da aka yi ban ruwa, ka turo. Da su zan gwada ko abin da na'ura ke gaya mini gaskiya ne. Sunanka zai shiga littafin, a shafin godiya, da harufan Turawa.

Ka gaida Kawu, ka ce ina nan riƙe da abin da ya gaya mini a tasha. Ka gaida uwargida da haƙurin zama da kai. Ka shafa mini kan yara, ka gaya wa ƙaramin kekensa na nan tafe. Inna kuwa ka karanta mata wannan layin a hankali: ina cin abinci, ina rufe ƙirjina, ina sallah a kan lokaci, kuma ina kewarta.

Naka har kullum,
Ɗan goggonka

Af, na manta. Kuɗin sharata na shekara biyu na nan a wuyanka, ba su faɗi ba don na ƙetare teku. Ka sayi sabuwar mesa da su, ka ja ruwa zuwa gabas kafin Juma'a, zan duba.